Littafin tsofaffin waƙoƙin titi na Ingila, an ɓata min rai a wuri mafi daɗi

Gaskiya da farko har na fara yabon littafin nan wajen abokai. Tarin waƙoƙin barkwanci ne da ake sayarwa a titunan Landan a shekarun 1600, takarda guda bugu a fuska ɗaya da ɗan zane a sama, kobo ɗaya na lokacin, mai talla na rerawa yana sayarwa. Masu sana'a sun sha tsiya a ciki, tela ɓarawon ƙyalle, mai niƙa na rage hatsin mutane, mijin da matarsa ta ci amanarsa kuma a zana shi da ƙaho a ka.

Wadda ta fi kama ni ta wata yarinya ce da ta yi ciki, aka tara tela da baduku da masaƙi kowa na rantsuwa ba nasa ba ne yana tura wa ɗan'uwansa. Kuma ba wasa zalla ba ne fa, a wancan zamanin, tun dokar 1576, alƙalai ke neman uban shege don ya ɗauki nauyin ɗansa kar ya faɗo kan kuɗin jama'ar unguwa, har ungozoma kan titsiye mace tana tsakiyar naƙuda ta faɗi sunansa. To ina cikin jin daɗi na juya kashi na biyu in ga wa aka liƙa wa jaririn, wallahi shafin baƙi ƙirin, hoton tsohuwar takardar da masu buga littafin suka ɗauka ya dame, layi uku kawai nake iya gani, dama ga rubutun irin tsohon baƙin nan mai ƙyar karantuwa. Na yi wa mai sayarwa magana ya ce wai haka suka zo. Haka suka zo shi ne me, da kuɗina?

Takardar dai mai kyau ce, ɗinkin ma ba laifi. Amma da na sake dubawa kowace waƙa an rubuta sunan karin da ake rera ta da shi, su kuma ba su yi bayanin ko ɗaya ba, waƙa ba kari ai rabi ce. Daga baya na samu shafin intanet na EBBA, ma'ajiyar irin waɗannan waƙoƙin, na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, kyauta, har da tarin Samuel Pepys, wani jami'in gwamnatin Ingila na wancan zamanin, mai waƙa sama da 1,800, hoto tsaf ga rubutu da baƙin zamani ga muryar masu rerawa. Ku je can, kar ku sayi wannan bugun, ni dai kuɗina nake nema a dawo min.