Gargaɗi kan masu tallar "ƙasar dajin tsauni" a buhu

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk mai shuka a gida ko mai lambu ko mai renon dashe a leda ya daure ya karanta wannan har ƙarshe, abin da ya same ni ba na so ya samu wani, kuma har yanzu mutumin da ya yaudare ni yana nan yana talla yana karɓar kuɗin bayin Allah.

Ƙasa yake sayarwa a buhu, wai daga dajin kan tsauni aka ɗebo ta, tsaunin dutsen giranit, wai duk sinadaran dutsen sun narke a cikinta tsawon shekaru dubbai, idan ka zuba ta kai da sayen taki sai bayan shekara 3. A bidiyon zaka ga ya dumbuzo ta a hannu baƙa wuluk, ya juya ta a rana tana ƙyalƙyali yana cewa ga ma'adinan nan kuna gani da idonku, sai kuma ya haska wasu manya manyan bishiyoyi kore shar yace ƙasar da ta riƙe waɗannan ai tumatir ɗinka ba komai bane a wurinta. Wallahi maganar ta shige ni, don a ido ta yi kama da gaskiya. Na tura kuɗin buhu 6 tun kafin a kawo, shine sharaɗinsa, babu biya bayan an sauke kaya.

Da aka kawo, buhunan a jiƙe suke sharaf, nauyi kamar me, na zura hannu na fito da shi baƙi ƙirin har cikin farce, a lokacin daɗi ma na ji na ɗauka ƙarfin ƙasar ne. Na cika mazubai na dasa tumatir da barkono wajen 40. Abu na farko da na lura, idan na zuba ruwa ko minti ɗaya baya yi sai in gan shi yana tsiyaya ta ƙasa, baƙin ruwa, da rana ta take kuma mazubin ya bushe ƙayau dashen ya langaɓe. Sati biyu babu wanda ya ƙara ko ɗan yatsa, bayan ganyen ya fara yin wani launi ja ja mai duhu. Na tumɓuke guda ɗaya in duba, saiwar gajeru ne dunƙul dunƙul, bakinsu ya yi ruwan ƙasa kamar an ƙona da wuta, babu waɗannan siraran fararen gashin da saiwa mai lafiya take fitarwa. Guda 5 da suka rage na saka a tsohuwar ƙasata don buhunan sun ƙare, su kam sai girma suke abinsu.

Na kira mai tallar, yace Malam ka ƙara haƙuri ƙasar tana sabawa da wurin ne, amma akwai wani ruwa da muke sayarwa na tada ƙasa, ka turo kuɗi a aiko maka. Da na ce ni dai a dawo min da kuɗina, daga ranar ya toshe lambata.

Wani abokina malamin gona ne ya zo ya duba, yace in kawo gorar ruwa fara. Muka zuba ƙasar zuwa kusan rabi muka cika da ruwa muka girgiza sosai muka ajiye. Kafin minti ɗaya tsakuwa da yashi mai kaushi sun kwanta, sun cinye kusan duk tsawon, washegari ɗan siririn layin laka ne kawai a samansu, sannan a saman ruwan ga garin gawayi nan yana yawo. Baƙin nan da ya ruɗe ni gawayi ne aka daka aka cakuɗa, aka jiƙa don ya kama jikin yashin kuma buhu ya yi nauyi. Abokin nawa ya saka takardar gwajin tsami, ta nuna wajen 4.5 a ma'aunin da ake kira pH, wanda ƙaramar lamba a cikinsa take nufin tsami mai yawa.

To amma abin da yafi damuna, kuma shine dalilin wannan rubutun, ko da mutumin bai saka gawayi ba, ko da ƙasar ta gaskiya ce daga dajin tsaunin giranit, maganar da yake yi a kanta ƙarya ce tun daga tushe. Giranit dutse ne da wajen kashi 70 cikin 100 na jikinsa silika ne, abin da ake yin gilashi da shi. Abubuwa uku ne suka haɗa shi, akwai kwaz, wannan farin ƙwayar mai kama da fasasshen gilashi, akwai felsifa, sai kuma maika mai ɓare ɓare. Idan ruwa da zafi da sanyi suka ci dutsen, kwaz baya narkewa, shine yake zama yashi da tsakuwa, kuma babu abincin shuka ko kaɗan a cikinsa. Felsifa yana rikiɗa ya zama farin yumɓu da ake kira kawolin, wanda a cikin yumɓu yana daga cikin mafi rauni wajen riƙe taki, ka zuba yau ruwa ya wanke gobe. Ƙyalƙyalin nan da yake juyawa a rana kuwa maika ce kawai, yawancin ƙasar giranit tana da ita. Eh gaskiya ne akwai fotasiyam, ɗaya daga cikin abincin shuka, a cikin felsifa da maika, amma a kulle yake cikin dutsen, fitarsa a hankali ne ƙwarai, shukar wata uku ba za ta iya jiransa ba. Kalsiyam da magniziyam da fosfaras kuwa, waɗanda su ma abincin shuka ne, dama giranit talaka ne a wajensu. Dutsen da ya kan bada ƙasa mai ƙarfi shine baƙin dutsen aman wuta, basal, shi ne mai kalsiyam da magniziyam da ƙarfe da yawa, su kuma waɗannan mutanen sun ɗauki darajar wancan sun jingina wa giranit don sun san yawancinmu dutse dutse ne a wurinmu.

Sai maganar tsami. A kan tsauni ruwan sama ya fi yawa, ga gangara, ga yashi mai zarar da ruwa, ɗan kalsiyam ɗin da ke akwai sai ya wanke, ganyen da ke ruɓewa kuma yana ƙara tsami, shi yasa irin wannan ƙasar ma'aunin pH ɗinta yakan tsaya tsakanin 4 da 5.5. Yawancin kayan lambu 6 zuwa 7 suke so. Kada ku raina wannan ratar, kowane mataki ɗaya ninki 10 ne, wato 4.5 ta fi 6.5 tsami sau 100. Kuma da zarar an sauka ƙasa da 5.5 alminiyam da ke cikin ƙasa yana fara narkewa, guba ne ga bakin saiwa, shine ya dunƙule min saiwoyin nan, sannan shi da ƙarfe su kama fosfaras su riƙe, shuka tana kusa da shi amma ba ta iya sha, wannan jan da bayan ganyen ya yi alamar yunwar fosfaras ce.

Nasan wani zai ce to ya aka yi bishiyoyin suka yi wannan girman? Nima tambayar da na yi kenan. Dajin ne yake ciyar da kansa. Ganye ya faɗo ya ruɓe, saiwa da naman gwarin da ke manne da ita su tsotse abincin nan take, ya koma sama ya sake zama ganye ya sake faɗowa, haka abin yake zagayawa, arzikin yana jikin bishiyoyin ne da ɗan siririn baƙin saman da sau da yawa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kana tonawa ƙasa da shi sai ka tarar da yashi da ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa a hannu. Kuma bishiyoyin wurin irin masu jure tsami ne, sun yi shekaru aru aru a haka. Ka kwashe ƙasar ka zuba a buhu ka raba ta da ganyen da ke zubo mata, ɗan baƙin ya ƙare cikin ƙanƙanin lokaci musamman wuri mai zafi, ya bar ka da yashi.

Ban ce ba ta da amfani sam ba fa, tana zarar da ruwa da kyau, ganyen shayi da abarba suna son ƙasa mai tsami. Amma ba ita bace ake sayarwa a matsayin madadin taki.

Wani abin da ke ci min rai kuma, idan da gaske daga tsauni suke kankaro ta, ɓarna suke yi babba. Santimita ɗaya ta ƙasa tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta samu, ita ce ke riƙe ruwa a kan gangara, ana yaye ta ruwan sama na farko zai fara zaizaye wurin har sai dutse tsirara ya fito, mutanen da ke gindin tsaunin su ne za su kwashi laka da ambaliya.

Wanda bai saya ba tukuna, kace a baka cikin hannu ɗaya kafin ka biya, kayi gwajin gorar nan, ka murza ta a jiƙe a kan farin ƙyalle, ruɓaɓɓen ganye na gaske yana da ƙamshin ƙasa kuma zaka ga ɓurɓushin ganye da saiwa a ciki, gawayi kuwa shafa baƙi kawai yake yi. Takardar sakamakon gwajin ƙasar da mai tallar yake turowa a hoto ku duba ta da kyau, wadda ya turo min babu kwanan wata babu sunan ɗakin gwajin, kuma babu layin pH kwata kwata.

Wanda kuma ya riga ya saya kamar ni, kada ka zubar, kuma dan Allah kada ka sayi ruwan tada ƙasar nan. Ka haɗa ƙasar da takin da ya ruɓe sosai rabi da rabi, ka barbaɗa farar ƙasa ta noma ko tokar itace kaɗan kaɗan, ka jiƙa ka bar ta sati 3 ko 4 ka sake auna tsamin kafin ka dasa komai, kada ka zabga toka da yawa lokaci ɗaya. Haka na yi da nawa, dashen farko dai 9 kawai na iya cetowa.

Mai tallar ya canza suna da lamba tun bayan da ya toshe ni, amma bidiyon bai canza ba, hannu ɗaya cike da baƙar ƙasa yana juyawa a rana, da shi za ku gane shi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shuka.