Great Circle Mapper: ya iya nisa, awanni kuma sai ka tambayi iska

Na jima ina amfani da shafin Great Circle Mapper duk sanda doguwar tafiya ta taso mini, kuma a wajen auna nisa ban ga na biyunsa ba. Kyauta ne, ba ruwansa da kwalliya. Kusan kowane filin jirgin fasinja yana da laƙabi mai haruffa uku. Kana rubuta SIN-JFK, wato Changi na Singapore da filin Kennedy na New York, nan take zai ce maka kimanin kilomita 15,350 ne, ya zana hanyar a taswira. Sai dai ka duba ma'aunin da ya ba ka, don mil ɗin da matuƙa jirgi ke lissafi da shi kilomita 1.852 ne, ya fi mil ɗin titi tsawo.

Zanen ne ya fi burge ni. Layin yakan lanƙwasa, ya haura can ƙuryar arewacin duniya kafin ya gangaro Amurka. Mai kallo sai ya zaci zagaye ne, alhali ita ce hanya mafi kusa, tunda duniya a dunƙule take, taswira ce ta shimfiɗe ta.

Batun lokaci kuwa daban ne. Shafin zai fitar maka da awanni in ka ba shi gudun jirgi, amma raba nisa da gudu ne kawai, kuma bai ce ya san fiye da haka ba. Waɗanda suka ba ni haushi wasu shafuka ne da na gwada, masu ba ka awa ɗaya tak ta zuwa da dawowa kamar sun shiga jirgin. Can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Ita ce ta sa Landan zuwa New York ke cin wajen awa 8, dawowa kuma kusan 7, nisan bai canza ba. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ya dawo Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56. Iskar nan ce kuma ta sa jirgin Singapore Airlines mai zuwa New York ba tsayawa, wanda ke shafe sama da awa 18, yakan bar gajeren layin nan ya bi ta tekun Fasifik, a dawowa sau da yawa ya bi ta Atlantika da Turai. Ya ƙara kilomita, ya rage mai da lokaci.

Ga kuma siyasa, wadda ba ta fitowa a zanen. Tun da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Turai a 2022, Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga awa 9 da ɗoriya zuwa kusan 13.

Yanzu nisa da hanya kawai nake ɗauka daga shafin, musamman in ina kwatanta tikiti biyu masu yada zango, don in ka jera filaye uku yana haɗa maka jimilla, ka ga wanda zai yi yawo da kai. Awanni kuma jadawalin kamfanin jirgin nake dubawa, in lissafa da bambancin agogo: Singapore na gaban New York da awa 12 ko 13, gwargwadon lokacin shekara.