Turbon kasuwa a kan injin 1HZ: abin da ke cikin kwalin da abin da aka bar maka ka nema

A layin masu kayan mota na Garwa da Marwa da Injamena, kwalin turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, na ɗaura wa Land Cruiser mai injin 1HZ ba baƙo ba ne. Yawancinsu kwafin CT26 ne, wato turbon da Toyota ta sa wa injin 1HD-T, kuma galibi ba sa ɗauke da sunan wani kamfani da za ka koma wa idan abu ya lalace. Mai shago zai ce maka: “Alhaji, ka ɗaura wannan, hawan da kake yi a giya biyu za ka yi shi a huɗu.” Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ƙarfi yana ƙaruwa. Sai dai kwalin rabin aiki ne, kuma rabin da babu a ciki shi ne ke hana inji mutuwa.

1HZ ya fito a 1990. Silinda shida ne a jere, cc 4,164, ƙarfinsa kusan doki 130. Shi ne a cikin samfuran Land Cruiser HZJ75, HZJ78, HZJ79, HZJ80 da HZJ105, shi ne kuma a yawancin bas ɗin Coaster da ke jigilar fasinja. Wasu kan haɗa shi da yaƙin da ake kira na Toyota, lokacin da sojojin Cadi suka kori na Libiya daga Fada da Wadi Dum a 1987, amma motocin wancan yaƙi sun girme shi da shekaru. Suna ya yi ne da haƙuri: ba kwamfuta, famfon mai irin na da wanda kowane bakanike ya sani, ga jure gazuwal marar kyau. Laifinsa ɗaya, nawa. Ka loda wa HZJ79 buhunan albasa ka nufi hawan dutsen da ke kafin Ngawundare, za ka gane dalilin da ya sa mutane ke neman turbo. Garwa ba ta wuce mita 250 sama da teku ba, Ngawundare kuwa ta haura 1,000, kuma injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita dubu ta tudu, don iska ta yi sauƙi.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar 1HZ a matsayin 1HD-T da aka cire wa turbo. Girmansu ɗaya, amma cikinsu ba ɗaya ba. 1HD-T yana fesa mai kai tsaye a kan fistin, yana matse iskar silinda ninki 18.6. 1HZ kuwa yana fesa mai a cikin wani ɗan ɗaki da ke cikin kulas, wato kan inji, wutar ta kama a can sannan ta fito ta ƙaramar kafa ta daki fistin, matsinsa kuma ya wuce ninki 22. Wannan ɗan ɗaki yana riƙe zafi sosai tun ba a ƙara komai ba. Idan aka tura ƙarin iska da ƙarin mai, bakin ɗakin ne ke fara tsagewa, sai kan fistin, sai kulas ɗin kansa. Idan ɓarin ƙarfen ya faɗa cikin silinda, magana ta ƙare.

Cikin kwalin akan sami turbo, manifol na hayaƙi, wato ƙarfen da ke tara hayaƙin silinda ya kai wa turbo, ko farantin haɗi, bututun kai baƙin mai da na dawo da shi, bututun iska, robobi da maɗaurai, da gasket. Manifol na zubin ƙarfe ya fi wanda aka yi da walda, don na walda yana tsagewa a hanya mai gargada irin ta Mora zuwa Kuseri a arewacin Kamaru. Manifol na asali na 1HD-T yana zama a kan 1HZ, in ka same shi a wajen masu kayan gwanjo ya fi na kwalin. Maɗauran da ke zuwa a ciki yawanci sirara ne, suna saki idan matsi ya hau, a canza su tun ranar farko. Kafin ka biya, ka kama sandar turbon da yatsu biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne muddin fukafukan ba sa taɓa jikin gidan, amma motsi gaba da baya bai kamata ka ji shi ba. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar manifol ka duba ko haske na wucewa. Sannan a hura wa gwangwanin ƙofar rage matsi da ke jikin turbon iska da famfon keke mai agogo, a ga a nawa sandarsa take fara motsi. Wasu suna zuwa a saite sama da abin da 1HZ zai ɗauka. Abin da ya dace da wannan inji shi ne bar 0.5 zuwa 0.7, wato psi 7 zuwa 10, kuma a zafin da ake yi a nan ƙasan wannan ma'auni ya fi samansa.

Ba za ka sami agogon zafin hayaƙi a kwalin ba, ba agogon matsin iska, ba intakula mai sanyaya iska, ba salansa mai faɗi. Na farkon nan bai kai kuɗin saitin fistin ba, kuma duk wanda ya ɗaura turbo ba shi yana tuƙi ne ido rufe.

Ba kowane inji ya cancanci a ɗaura masa ba. A auna matsin silinda: lafiyayyen 1HZ yana ba da kilo 37 ko fiye a kan kowane murabba'in santimita, mafi ƙaranci da aka yarda da shi 27, kuma bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 5. Injin da ke lilo kusa da 30 ya fi buƙatar zobba a kan turbo. A buɗe murfin baƙin mai injin na kan silo. Idan hayaƙi na bugowa kamar tukunyar dambu, a bar maganar. A duba tazarar bawul injin na sanyi, milimita 0.15 zuwa 0.25 a na shiga, 0.35 zuwa 0.45 a na fita. Bawul ɗin fita da ya matse shi ke fara ƙonewa. A kai nozul shidan, masu fesa mai, wajen mai gwaji, su buɗe a wajen kilo 150 kuma su fesa kamar raɓa, ba su tsiyaya ba, don nozul mai tsiyaya yana huda fistin ko babu turbo. Bel ɗin tayimin kuma in ya kusa kilomita 100,000 ko ba a san ranar da aka sa shi ba, a canza shi tare da boris ɗinsa.

Sai ruwa, kuma a nan yawancin motocinmu suke faɗuwa. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Injamena yana wuce digiri 40, lagireton da ya sha shekara ashirin yana shan ruwan rijiya mai gishiri ya riga ya toshe rabi. Motar tana tafiya lafiya ne kawai don injin ba ya samar da zafin da zai tona asiri. Turbo zai tona. Lagireto sai a kwance shi a buɗe a tsefe bututunsa, ko a sa sabo. Wanke shi da tiyo daga sama ba ya cire komai. Fankar 1HZ tana da kulocin man siliki a tsakiyarta, man yana tsiyayewa da tsufa, sai ka ga fanka na juyawa amma ba ta jan iska. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kashe inji yana da zafi a juya fankar da hannu, in ta yi ta walagigi ba nauyi to ta mutu, a ƙara mata mai ko a canza. Akwatin roba da ke kewaye da fanka, wanda yaran gareji ke yarwa don yana hana su aiki, dole ya koma wurinsa. Haka tamostat. Al'adar cire shi da sunan “ƙasarmu ba sanyi” tana cutar da wannan inji, domin tamostat ɗin ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba. Ka cire shi, wani ɓangaren ruwan ya dinga zagaye a ciki yana ƙara zafi. Kada kuma a dogara da allurar zafi ta dashbod, tana zama a tsakiya har sai abu ya yi nisa.

Wajen ɗaurawa, bututun dawo da baƙin mai ne ke raba gwani da ɗan koyo. Mai yana komawa ne da nauyinsa, ba famfon da ke tura shi, don haka bututun ya zama mai faɗi, ya gangara ba lanƙwasa, ya shiga kaskon mai sama da inda mai yake tsayawa. In ya shiga ƙasa, mai zai taru a turbo ya fita ta salansa, a ce turbon jabu ne alhali aikin ne jabu. Kaskon kuma a sauke shi kafin a huda a yi walda. Mai huda shi a jikin mota yana barin garin ƙarfe a ciki, garin nan kuma metal yake nufa, wato boris ɗin da kuranshaf ke juyawa a kai. Kada a shafa gam a gasket ɗin bututun mai, ɗan guntunsa ya isa ya toshe hanya. Kafin tayarwar farko a zuba baƙin mai ta bakin turbon, a cire wayar famfo a murza inji har fitilar mai ta mutu, sannan a tayar. Salansa ta asali ta yi ƙunci, inci biyu da rabi zuwa uku ake so tun daga bayan turbo.

Saitin famfo shi ne inda ake kashe injuna. A injin gazuwal, iska sanyaya wuta take yi, mai ne ke ƙara zafi. Ka ɗaura turbo ba ka taɓa famfo ba, ƙarfin da za ka samu kaɗan ne, amma hayaƙi zai ragu, zafin hayaƙin ma ya sauka. Mai mota da ya kashe kuɗi ba ya son jin haka, sai bakanike ya kama sukurun mai ya murɗa har motar ta fara fizga. A cikin gari daɗi ne. A doguwar hawa da kaya, ƙafa a kan totur minti goma, nan ne fistin ke dahuwa. Yadda ya kamata shi ne a sa wa sukurun alama a inda yake, a ƙara kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a gyara silo, a fita gwaji da kaya a kan hawa ana kallon agogon zafin hayaƙi, sannan a sake. Idan ma'aunin yana cikin manifol kafin turbo, kada zafi ya zauna sama da digiri 650 zuwa 700. Idan yana bayan turbo, iyakarsa 500 zuwa 550, domin a can yana nuna ƙasa da gaskiya da digiri ɗari zuwa ɗari biyu. Ni na fi yarda da na kafin turbo. Famfon 1HZ kuma ba shi da na'urar da ke daidaita mai da matsin iska irin ta 1HD-T, shi ya sa motar da aka ƙara wa mai take tuttula baƙin hayaƙi a farkon taka totur kafin turbo ya kama. Ana iya sa wa famfon wannan na'ura a wajen masu gyaran famfo, kuma ta cancanci kuɗinta. Baƙin hayaƙin da bai yanke ba bayan mota ta ɗauki gudu alama ce mai ya yi yawa, a rage.

Abin da ke bayan inji ma yana karɓar rabonsa. Tsohon kuloci zai fara sulɓi a giya huɗu da biyar. HZJ78, HZJ79 da HZJ105 suna da akwatin giya R151F, wanda bai kai na HZJ80 ƙwari ba, giya biyar ɗinsa kuma ba ta son nauyi. Mota cike da kaya ko mai jan wata, ta zauna a huɗu. Direba ya koyi sauko da giya idan agogon hayaƙi ya hau, domin injin da ke juyawa da sauri yana shan iska da yawa, zafinsa ya sauka, saɓanin wanda ake shaƙe shi a babbar giya.

Ƙurar hunturu tana cin fukafukan turbo kamar yashi. Kowace roba tsakanin matatar iska da turbo ta matse, matatar kuma a daina hura mata iskar kwamfiresa. Baƙin mai, kusan lita goma, a canza shi da matatarsa duk kilomita 5,000. Bayan doguwar tafiya a bar inji a kan silo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, in ba haka ba man da ke cikin turbo ya ƙone ya zama gawayi. Mai sayen gazuwal na jarka ya ƙara matata mai raba ruwa kafin ta asali.

Ga motar gida ko ta ofis mai lafiyayyen inji, wadda direba ɗaya ke riƙe da ita kuma zai kalli agogo, kwalin nan ya yi, da sharaɗin a kashe wa agogo da lagireto da salansa kuɗinsu. Ga motar haya da ake lodawa har sifirin ya miƙe, direbobi suna canzawa, ko wadda ke bin yashin Faya a arewacin Cadi inda gareji ke da nisan kwanaki, ban ga dalilin taɓa 1HZ ba. Gyaran nozul da tayimin famfo da bawul kaɗai yana dawo da ƙarfi mai yawa da ake zaton babu shi. Mai son ƙarfi na gaske ya nemi 1HD-T cikakke, ya canza masa metal ɗin ƙasa kafin ya sa shi, don na farkon shekarunsa an san su da cin metal.

Wanda ya riga ya ɗaura, bayan kilomita 500 na farko ya sa a sake matse notocin manifol injin na sanyi, a duba maɗauran bututun iska, a leƙa bakin turbon a ga ko akwai mai ko ƙura.