Maɗaba'ar New Town da ta buga mana tarihin Baba Fasto: hannunsu a hoto ya nuna, rubutu kuwa sai da tsaro

Kiristocin Gana ba su cika kai dattijo makwancinsa ba sai sun buga ɗan littafi mai ɗauke da hotunansa, tarihin rayuwarsa, tsarin sujadar jana'iza da kalaman ban kwana daga 'ya'ya, jikoki da ikilisiya. Mu da muke sallatar mamacinmu mu binne shi kafin rana ta faɗi ba mu saba da wannan hidima ba, don haka ban taɓa zaton zan yi kwana biyar ina zarya tsakanin Nima da Akra New Town a kanta ba, sai da Baba Fasto ya rasu. Shi ne mahaifin maƙwabciyarmu da muke kira Yaya, kuma a ɗakinta ya ƙarasa tsufansa bayan ƙarfi ya gaza masa a ƙauyensu da ke ƙasar Bawku. Da yake da Hausa ya fi sakin jiki idan ana hira a tsakar gida, Yaya ta roƙe ni in rubuta shafi biyu da Hausa, in kuma tsaya a kan aikin bugawar har ya fito.

Duk wanda ya san New Town, wadda tsofaffi har gobe suke kira Lagos Town, ya san cewa maɗaba'u sun cika lungunanta, ga ƙarar injuna, ga warin tawada, ga fostocin jana'iza da na siyasa an shanya su gefe da gefe. Na tambayi farashi a wuri uku, na tsaya a na tsakiya, saboda mai wurin ya nuna mini janaretansa ya ce ɗauke wuta ba zai hana shi cika alkawari ba. Muka yi ciniki a kan kwafi 300, kowanne shafi 24, bango mai sheƙi, ciki kuma farar takarda mai kauri, na biya rabin kuɗin ta MoMo.

Inda suka burge ni shi ne hoto. Hoton Baba na soja ɗaya ne tak a duniya, bai kai tafin hannu ba, ya yi ja saboda daɗewa, kuma lanƙwasa ta ratsa shi daga kafaɗa zuwa hula, domin a cikin Littafi Mai Tsarki nasa ya yi shekaru yana ajiye. Saurayin da ke kan kwamfuta ya shafe sa'a biyu yana gyara shi a gabana, sai ya dakata a kan wani layi da ke kumatun hagu ya juyo ya ce, "Malam, wannan tsagewar takarda ce ko tsagar gado?" Na kira Yaya a waya, ta ce tsagarsu ce, kada a taɓa ta. Wani da share ta zai yi ya mayar da fuskar sumul kamar ta ɗan talla, amma shi ya bar ta, ya fito da maɓallan rigar da idanun yaron da ke cikinta, har Yaya ta kasa magana lokacin da ta ga bangon.

Rubutun ne ya sha mini kai. A sashen Turanci da babban ɗan marigayin ya aiko ta WhatsApp, an ce Baba ya yi yaƙi a Bama, wato Burma, amma da aka kawo mini bugun gwaji sai na tarar an mayar da shi ya yi aiki a Burma Camp. Mai buga rubutun ta ɗauka kuskure ne ta gyara mana, tunda Bamar da ta sani ita ce barikin sojan da ke nan Akra, ba ta san cewa daga wata ƙasa ta Asiya, wadda yanzu ake kira Myanmar, barikin ya samo sunansa ba. Da kalma ɗaya ta kusa shafe abin da dattijon nan ya fi yawan ba mu labari a kansa. Yana cikin samarin Arewa da aka ɗauka a rundunar Gold Coast, wato Gana ta zamanin Turawa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943 cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, daga can suka nausa kwarin Kogin Kaladan suna fafatawa da Japanawa. Yakan ce dajin ba hanyar mota, kaya a ka suke ɗauka, abinci kuwa jirgin sama ke jefo musu. A can Hausarsa ta zauna, domin ita ce harshen bariki da ke haɗa Bakusashe da Bafrafra da ɗan Zango. Garin Myohaung, da sojan Afirka ta Yamma suka karɓe a Janairun 1945, shi ma ya bar sunansa a wani bariki a Takoradi. Ban ga laifin yarinyar a rashin sanin wannan ba, laifinta shi ne ta sauya maganar mutane ba tare da ta tambaya ba.

Mai wurin kansa ya ba da shawarar da na ƙi. Da ya ji tsohon soja ne, sai ya ce a ƙara cewa Baba yana cikin tsofaffin sojan da suka yi tattaki zuwa fadar gwamna a Osu ranar 28 ga Fabrairun 1948, ranar da aka harbe Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, wai hakan zai ƙara wa littafin armashi. Baba da bakinsa ya sha faɗa mana cewa a lokacin yana gida yana noma, labarin ma a kasuwa ya ji shi. Na gane cewa suna da jimlolin yabo da suke liƙa wa kowane mamaci, kuma wanda ba ya son a yi wa nasa ado da rigar aro dole ya buɗe baki tun da wuri.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda suka datse sashen koyarwarsa da na aikin coci don hotunan jikoki su sami wuri, alhali nan ne mafi tsawon rayuwar mutumin. A soja ya koyi karatu da rubutu, kuma da gwamnati ta fito da shirin faɗaɗa ilimin firamare a 1951, aka rasa isassun malamai har ana ɗaukar waɗanda ba su shiga kwalejin horarwa ba, sai ya sami aji a wata makarantar ƙauye. Daga Litinin zuwa Juma'a yana riƙe da alli, ran Lahadi ya hau keke ya zaga ƙauyuka yana wa'azi a matsayin katikis, wato mai koyar da addini a coci, kafin daga baya a naɗa shi fasto. Da Kusasanci yake magana da tsofaffi, amma karatun nassi da Hausa yake yi, tunda cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932. Sai da na tsaya kai da fata aka ƙanƙance hotunan aka mayar da sakin layi ukun da suka cire.

Shafukan Hausa kuwa sun zo babu ƙugiya ko ɗaya. Na rubuta cewa gidan Baba bai taɓa rabuwa da baƙi ba, bugun gwaji ya nuna bai taɓa rabuwa da baki ba, kamar ana zarginsa da surutu. Ma'aikatan duk suna jin Hausa, amma irin tamu ta Zango da ba ta cika bambanta ƙ da k ko ɗ da d a furuci ba, ga shi kuma salon harafin da suka zaɓa ba shi da waɗannan baƙaƙe. Da na nuna musu, ba su yi gardama ba, suka sauya salon harafin, na zauna kusa da saurayin muna bi layi-layi har bayan sallar isha'i, kuma ba su nemi ƙarin ko sisi ba.

Wannan gyare-gyare ya ci mana kwana ɗaya a kan huɗun da aka yi alkawari, amma kayan sun iso ran Laraba, kafin motar da za ta kai gawar Arewa ta tashi. Ɗinkin ya yi ƙarfi, launi bai zuba ba, na ƙirga na sami kwafi 300 cif. Zan iya tura mutum wurinsu da zuciya ɗaya idan tsohon hoto ne damuwarsa, amma da sharaɗin ya karɓi bugun gwaji a takarda, ba a waya ba, ya karanta kowane layi da idonsa kafin ya ce a kunna inji. A bangon an so a sa shekarar haihuwa, iyalin kuma suka rabu biyu a kanta, domin Baba ba shi da takardar haihuwa, shekarun da ke katinsa na soja ma wani Bature ne ya dube shi ya ƙiyasta. A ƙarshe Yaya ta ce a bar wurin haka nan, a rubuta kalmomi uku kawai a ƙarƙashin hoton: soja, malami, fasto.