Kundin Tsohon Mawaƙin Gambara Ko Waƙoƙin Sababbin Jini?

Matasa a Gusau sun sha tambayata wanne ya fi cancanta su saurara: cikakken kundin tsohon mawaƙin gambarar zamani (wato hip-hop) mai zafin harshe, ko waƙoƙin sababbin mawaƙa da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Ta fuskar kuɗi, sauke kundi ya fi cin data, kuma yana buƙatar zaman kusan awa guda, alhali waƙar minti 3 tana ƙarewa kafin Keke Napep ya kai mutum Tudun Wada.

Wajen nauyin magana kuwa, kundin ya yi gaba. Gambarar zamani ta tsiro ne a unguwar Bronx ta New York a shekarun 1970, kuma wanda ya daɗe yana rera rayuwar titi yakan jera baitocinsa su zama labari ɗaya na talauci, kurkuku da abokan da suka rasu. Sai dai kalamansa sukan yi tsauri, ba a kunna su a gaban iyaye ko yara. Waƙar sabon jini ta fi sauƙin kunne, amma tashenta kan wuce da wuri.

Mai bibiyar baiti da hikimar jera kalmomi, kundin ne ya dace da shi. Mai neman kiɗan nishaɗi a kan hanya, waƙoƙin sababbin sun ishe shi.