Ɗaɗɗoya Ta Kasuwa, Ta Kanti, Ko Ta Bokiti: Wacce Za Ki Ɗauka?

Idan kika shiga kasuwar Sabon Gari a Kano kika ce a ba ki ɗaɗɗoya, kada ki yi mamaki in mai kayan miya ta ɗago ɗauri biyu ta ce, "Hajiya, wacce?" Dangin juna ne, amma kowacce da tukunyarta.

Mai faɗin ganyen nan, mai ɗan kaushi, wadda gefenta yake kamar haƙoran zarto, ita Yarbawa suke kira efirin. Ki murza ganye ɗaya a yatsa, za ki ji kamar kanumfari, domin sinadarin yujinol da ke cikin kanumfari yana cikinta. Ita ce uwar farfesu. Ko tarwaɗa ce ko kayan ciki, tana kashe ƙarni, kuma tana jure wuta, ko ta ɗan tafasa ƙamshinta yana nan. In abu ɗaya kawai za ki saya, ita nake ba ki shawara, ga arha ga auki.

Ɗaya ɗaurin mai ƙananan ganye shi 'yan kasuwa suke kira ganyen kori. Sunan ne kawai, babu abin da ya haɗa shi da garin kori na gwangwani. Ƙamshinsa sanyi-sanyi ne, yana ɗan karkata wajen lemun tsami, ya fi dacewa da miyar dage-dage da dafa-duka. Ana dab da saukewa ake zuba shi.

Sai ta manyan kantuna, wadda ake jerawa cikin 'yar roba. Ganyenta santsi da sheƙi, a ɗan kumbure kamar bayan cokali. Irin ta Italiya ce, wadda mutanen birnin Janowa suke dakawa da tafarnuwa da man zaitun da cuku su yi wa taliya mahaɗi. Na taɓa yin gwaninta na zuba ta a farfesun akuya tun da wuri. Kafin nama ya nuna ta yi baƙi, attaruhu da citta sun danne ta, kuɗina suka bi tururi. Ba ta son wuta ko kaɗan. Ki saye ta in za ki yayyaga ta a kan taliya ko kwaɗon tumatir bayan an sauke, kuma ki yi amfani da ita cikin kwana biyu ko uku.

Busasshiya kuwa ta ranar da babu ce. Ƙaramin cokali ɗaya yana tsayawa a madadin babban cokali na ɗanya, amma ƙamshin ba ya kai. Kafin ki biya, ki murza kaɗan a tafin hannu. In warin harawa kika ji, ki ajiye wa mai sayarwa kayansa.

Wajen zaɓen ɗanya, ki je da safe kafin rana ta yi mata duka. Ki guji mai ɗigon baƙi, da wadda ƙasan ɗaurinta ya fara yauƙi, da wadda ta cika fure, don ganyenta ya fara ɗaci. Ki wanke sosai, tunda ba ki san ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ba. Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne jefa ta firiji: sanyi mai yawa yana baƙanta ta, musamman ta kanti. Ki datse gindin, ki tsoma a kofin ruwa, ki ajiye a inuwa.

Ta fannin lafiya, iyayenmu sun daɗe suna dafa ta a sha don kumburin ciki da mura. Irin ta kanti tana da bitamin K da yawa, kusan maikurogiram 415 a giram 100, shi ya sa mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ya kamata ya tuntuɓi likita kafin ya mai da ita abincin kullum. Masu cewa tana warkar da ciwon suga, kada su sa kowa ya ajiye maganin asibiti. Man ɗaɗɗoya na ƙaramar kwalba kuma yana da ƙarfi ƙwarai, ba na sha ba ne.

Ni dai yanzu na daina saye. Reshe biyu na cire daga ɗaurin kasuwa na bari a ruwa, cikin mako biyu suka yi saiwa, na dasa a tsohon bokitin fenti da na huda wa gindi. Tana son rana da ruwa daidai gwargwado, kuma duk lokacin da fure ya leƙo sai na tsinke shi don ta yi rassa. Bokitin yana kan katanga, inda akuyar maƙwabta ba ta kaiwa.