Melatonin ko Piriton, wanne za a sha don barci?

Kusan kullum sai an turo min wannan tambayar, to bari na amsa gaba ɗaya.

Piriton dai maganin mura da ƙaiƙayi ne, barcin da yake sawa illarsa ce kawai mutane suka mayar abin nema. Arha ne kam, kowane kemis akwai, amma bayan kwana kaɗan jiki ya saba ya daina sa barcin, ga bushewar baki ga nauyin kai da safe kamar an yi maka duka, tsofaffi ma har ruɗewa yake sa su.

Melatonin kuma sinadari ne da ƙwaƙwalwa take fitarwa da kanta idan duhu ya yi, shi ba ya kayar da mutum, agogon jiki yake gyarawa, ana shan 1 zuwa 3mg kamar awa ɗaya kafin kwanciya, kuma a ajiye wayar nan don Allah. Sai dai ya fi tsada, sai manyan kemis. A Amurka kamar bitamin ake sayar da shi, a Ingila sai da takardar likita.

Mai aikin dare ko wanda ya dawo daga tafiya mai nisa barcinsa ya juye, melatonin. Wanda mura ko ƙaiƙayi ya hana runtsawa kwana biyu, Piriton ya isa. Mai ciki kuma ta fara ganin likita tukuna.